Wanda Ya Zana Taswira Ba Shi Ne Mai Ƙasa Ba

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya same ni a Daura, inda ka ce a makaranta kuna amfani da manhajar JMARS ta Jami'ar Jihar Arizona wajen ɗora bayanan duniyar Mars hawa-hawa, kuma ka tambaye ni ko a al'adarmu wanda ya fara auna wuri, ya raɗa masa suna, shi ne mai shi.

Ba haka ba ne. A nan, mutum yakan mallaki gona ta gado, ko saye, ko kyauta, ko kuwa ya sari daji da izinin dagaci, ya sha rana a kai har maƙwabta su shaida. Iyakar ma ba a takarda take ba. Gamba ce da aka dasa a jere, ko wata tsohuwar kuka da kowa ya sani. Ko da malamin safiyo ya zo da kayan awonsa, sai ya nemi mai unguwa da dattawa su nuna masa, sannan ya rubuta.

Abin da ya burge ni a bayaninka shi ne ɗora wannan bisa wancan. Ka ce a ƙasa kukan shimfiɗa taswirar tudu da kwari wadda na'urar MOLA ta auna daga kumbon Mars Global Surveyor, sai ku ɗora hotunan zafin ƙasa da na'urar THEMIS ta ɗauka daga kumbon Mars Odyssey da aka harba a 2001, domin ku bambance yashi da dutse, tunda yashi yakan huce da wuri bayan faɗuwar rana, dutse kuwa ya riƙe zafinsa. Haka dagaci nagari yake duban fili ɗaya: ga gonaki, ga burtalin makiyaya, ga inda ruwa ke kwanciya da damina, kuma wanda ya kalli ɗaya kawai ya yanke hukunci, rigima ya shuka.

Batun suna kuwa, Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ce ke tabbatar da shi, kuma ƙananan ramukan Mars sunayen ƙananan garuruwa ake ba su. Ramin Jezero, inda motar bincike ta Perseverance ta sauka a 2021, sunan wani gari ne a Bosniya, amma mutanen garin ba su da ko taku ɗaya a can. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ma ta hana kowace ƙasa cewa wata duniya tata ce, ko da ita ta fara kafa tuta.

Ka gaishe da mahaifiyarka. Allah ya yi maka albarka.