Shagon gas a jikin masallacin Juma'a

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Dan Allah ƙanina ne ya samu ɗan jari zai fara saida gas a garinmu wajen Ringim, shagon da ya kama yana jikin katangar masallacin Juma'a ga mai shayi a gefe, kuma ran kasuwa wajen ba masaka tsinke. Ni dai hankalina bai kwanta ba amma yace hassada ce. Ya abin yake?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya ba hassada bace, wajen nan bai dace ba ko kaɗan.

Abin da mutanenmu ba su gane ba shi ne gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya zuba ba sama yake yi ba kamar hayaƙi, ƙasa yake bi kamar ruwa, ya gangara kwata ya taru a rami ko ya shige ƙarƙashin ƙofa yayi kwance abinsa, to kaga mai shayin nan da murhunsa ke ƙasa tun asuba ai shi zai fara tararwa, wutar kuma ta biyo sawu har shago. A cikin tukunya ruwa ne, in ya fita yana kumbura ya ninka sama da sau 250, shi yasa ɗan yoyo ke cika ɗaki. Warin da kake ji ma zuba shi ake da gangan don a ankara.

Babban haɗarin kuma wajen juye ne, daga babbar tukunya mai kilo 50 zuwa ƴan ƙanana, nan gas ke tsiyaya kullum. A Janairun 2020 shagon gas ya fashe a Sabon Tasha a Kaduna, cikin waɗanda suka rasu har da mutanen da ke shagon aski a kusa, ko gas ɗin ba su zo saye ba. To ina ga ranar Juma'a da sahu ya fito har titi?

Ya nemi fili a gefen gari, mai iska, nesa da masallaci da islamiyya da masu tuya. Rumfa ta fi ɗaki rufaffe, ayi inuwa saboda zafin bazararmu, tukwane a tsaye kar a kwantar, kar a cika su maƙil a bar wajen kumbura. Janareto da masu cajin waya can nesa. Yoyo da kumfar sabulu ake gwadawa, wlh na taɓa ganin mai gwadawa da ashana, ban tsaya ganin ƙarshe ba.

Sannan sana'ar nan tana da lasisi, NMDPRA, wato hukumar gwamnatin tarayya mai sa ido kan harkar man fetur da gas, ce ke kula da ita, ya je wajensu ya kuma kira ƴan kwana-kwana su duba wajen kafin ya zuba kuɗinsa. In ya ƙi jin taka, ka samu liman da mai gari su zaunar da shi, tunda katangarsu ce.