Tambaya da Amsa: Shin Undertaker ya taɓa mutuwa ya dawo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Musu ne ya kaure tsakanina da yayana. Shi ya dage cewa Undertaker na resilin ya sha mutuwa yana dawowa, ni kuma na ce duk wasan kwaikwayo ne, ko ƙwarzane ba sa samu. Don Allah a raba mana gardama, a kuma gutsura mana tarihinsa. Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka gaida min Yaya, ka ce masa wanda ya mutu ba ya dawowa. Sai dai kai ma maganarka da gyara, domin batun ƙwarzane ka yi nisa da gaskiya.

Sunan mutumin Mark Calaway, an haife shi a birnin Houston na jihar Texas a Amurka, ranar 24 ga Maris, 1965. Ƙwallon kwando ya fara bugawa kafin ya koma kokawa. Ya yi 'yan shekaru yana yawo da sunaye dabam-dabam, babu wanda ya karɓe shi, har sai ranar 22 ga Nuwamba, 1990, da kamfanin WWF (wanda yanzu ake kira WWE) ya fito da shi cikin baƙar doguwar riga da malafa a matsayin mai binne gawa. Shekara guda bayan nan ya karɓe kambu a hannun Hulk Hogan. Kwana shida kacal ya riƙe shi, amma a tsawon aikinsa sau bakwai yana zama zakaran duniya.

Mutuwar da Yaya yake magana, na san inda ya samo ta. A Janairun 1994 Yokozuna da taron wasu 'yan kokawa suka rufe shi a akwatin gawa, aka nuna kamar ya tashi sama. Abin da ya faru shi ne bayansa na ciwo, kamfanin ya ba shi hutu, sai aka tsara labarin da zai rufe rashin ganinsa. Da ya warke ya dawo. Yawancin "mutuwarsa" haka take, ko jinya ce ko hutu.

E, tun kafin a hau dandali an san wanda zai yi nasara, a nan ka yi daidai. To amma faɗuwar fa? A 1995 ƙashin da ke kewaye da idonsa ya karye, ya koma yin wasa da abin rufe fuska. A Yunin 1998 a Pittsburgh ya hau saman kejin ƙarfe da karaya a ƙafa, ya wurgo abokin karawarsa Mick Foley daga can sama ya faɗo kan tebur. A 2010 wutar da ake kunnawa idan zai shigo ta kama shi, ƙirjinsa ya ƙone, ya yar da rigar ya shiga keji, yana kwara wa kansa ruwan gora kafin lokacinsa ya zo, ya kuma yi wasan har ƙarshe. Duk lokacin da na sake kallon wannan wurin sai tsigar jikina ta tashi.

Ka kuma lura da kayen nan nasa, inda yake juya mutum kai ƙasa ƙafa sama sannan ya durƙusa da shi. Gwiwoyinsa ne suke fara dira, kan abokin karawar bai kai ƙasa ba. Kuskuren ɗan yatsa ɗaya zai iya karya wuyan mutum, shi ya sa abokan aikinsa suke ganin girmansa: sun yarda su miƙa masa wuyansu.

Ni a wurina abin da ya fifita shi ba kambu ba ne. Riƙon da ya yi wa wannan kama tasa ne. Shekara da shekaru da wuya ka gan shi yana hira da 'yan jarida a matsayin Mark, ko a waje baƙaƙen kaya yake sawa, don kada ya ɓata wa masu kallo abin da suka gani a dandali. Ko da ya sauya salo a 2000 ya koma shigowa a kan babur, a 2004 tsohuwar kamar ya komo wa.

A babban bikin WrestleMania ya yi nasara sau 21 a jere, tun daga 1991, kafin Brock Lesnar ya kayar da shi a New Orleans a Afrilun 2014. A daren ya bugu a ka, daga filin asibiti aka wuce da shi. Ya yi bankwana ranar 22 ga Nuwamba, 2020, shekara 30 cif da fitowarsa ta farko.

Tun da musu kuke so, ga wani kafin ku tayar da shi: Kane, ɗan kokawar da ake nunawa a dandali a matsayin ɗan'uwan Undertaker, ba ƙanensa ba ne, ko dangin nesa ba su haɗa ba. Sunansa Glenn Jacobs, kuma a 2018 aka zaɓe shi shugaban gundumar Knox a jihar Tennessee.