Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Magritte Ya Koma Zanen Haske Ana Tsakiyar Yaƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai koyon zane, kuma abin da na san René Magritte da shi shi ne zanen lofe da na maza masu baƙar hula, masu launi a natse. Kwanan nan na ga hoton wata mace a kishingiɗe a fili, kowace gaɓa ta jikinta da launinta daban, an kuma rubuta sunansa a ƙasa. Shin kuskure aka yi, ko da gaske aikinsa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ba a yi kuskure ba. Bisa kwatancenki, zanen da kika gani shi ne La Moisson, wato Girbi, wanda Magritte ya yi a shekarar 1943, lokacin da ƙasarsa Beljiyam take hannun sojojin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu. Sun afka mata ne ranar 10 ga Mayu, 1940, shi kuma ya yi gudun hijira zuwa garin Carcassonne a kudancin Faransa, inda ya yi kimanin wata uku kafin ya koma Burasel, babban birnin Beljiyam.

Kafin yaƙin, shi ɗan ƙungiyar Suriyalizim ne, wadda André Breton ya fitar da manufofinta a Paris a 1924, masu haɗa abubuwan da hankali bai saba ganinsu tare ba, kamar yadda suke zuwa a mafarki, domin su girgiza mai kallo. To, daga 1943 zuwa 1947 sai ya ajiye shafen fentinsa mai santsi, ya ɗauki salon Pierre-Auguste Renoir, Bafaranshen da ya rasu a 1919, wanda ya shahara da zanen mata masu wanka cikin hasken rana. A wannan salo ana barin sawun buroshi a fili, ana jera ja da ruwan ɗorawa da shuɗi kusa da juna, har fatar mutum ta riƙa ƙyalli kamar ana kallonta da hantsi.

Dalilinsa, kamar yadda ya bayyana wa Breton a wasiƙa a 1946, shi ne cewa ruɗani da firgicin da ƙungiyarsu take ƙoƙarin tayarwa, 'yan Nazi masu mulkin Jamus a lokacin sun riga sun jefa duniya cikin wanda ya fi shi. Mutumin da ke kwana da fargabar kamu da ƙarancin abinci, wane zane ne kuma zai tsorata shi? Saboda haka ya ga abin da ya rage wa mai zane shi ne ya fuskanci baƙin cikin zamanin da annashuwa. A ganina wannan hujja tana da ƙarfi, ko da yake ba duka zanukan ne suka kai ta ba, domin wasunsu launi ya yi musu yawa har ya danne ma'anar. Amma ki lura, abin mamakin bai ɓace ba, ai mace mai hannu da ƙafa launi daban-daban ba a wurin Renoir ya samo ta ba.

Abokansa da dama ba su karɓi sauyin ba. A 1946 ya fitar da takardar manufa da ya kira Suriyalizim cikin hasken rana, Breton ya yi watsi da ita, masu sayen zane kuma suka ja baya. A 1948 ya kai wasu zanuka na gatse, masu kaushin aiki, baje koli a Paris, ba a sayi ko ɗaya ba, daga nan ya koma salonsa na farko har rasuwarsa a 1967. Girbi yana cikin ajiyar gidan tarihin Magritte da aka buɗe a Burasel a 2009.