Amsa kan ma'anar "come on" da inda ake faɗinta

Ɗan'uwa, ka ce kana jin 'yan kallo a filin wasa na Baba Yara da ke Kumasi suna ihun "come on", kuma kana son sanin ko "zo" suke nufi. Ba kiran mutum ake yi ba, zaburar da shi ake yi. Idan magoya bayan Asante Kotoko suka ga ɗan wasansu ya doshi raga da ƙwallo suka ɗaga murya da wannan kalma, abin da suke cewa shi ne "maza, yi himma, kada ka sare".

Sai dai murya ce ke juya ma'anarta. Idan yaron mota a tashar Kejetia ta Kumasi ya faɗe ta da gajen haƙuri ga fasinjan da ke jan ƙafa, "yi sauri" yake nufi, idan kuwa aka ja ta bayan wani ya shara ƙarya, daidai take da "haba!" tamu.

A ganina kada ka faɗa wa mahaifi, malami ko sarkin zango, domin kalmar tsara ce, kuma takan fita da kaushi. A wasiƙar ofis kuwa, maimakon ita ana amfani da "encourage" wajen ƙarfafa gwiwa, ko "urge" idan ana kira da babbar murya.