Amsa ga Yaya: abin da ya sa muke kallon bikin mawaƙan baƙar fata tare da yaranmu

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigida da yara. Na saurari saƙon muryarki har ƙarshe, na kuma kalli guntun bidiyon da kika turo, wanda aka yanko daga bikin karrama mawaƙa na BET, tashar talabijin da ke yin shirye-shirye don baƙaƙen fatar Amurka. Tambaya biyu kika yi: da gaske ne Hausawan Amurka suna barin irin wannan abu ya shigo musu falo, kuma baƙaƙen fatar ƙasar nan duk haka suke, ba kunya ba tsoron Allah? Ta farkon, e, a gidaje da yawa, har da nawa. Ta biyun kuwa sam ba haka ba ne, kuma ita ta fi tsaya min a rai.

Ba zan kare abin da ke cikin bidiyon ba. Shigar da matan nan suka yi ba shiga ba ce, rawar ma ba ta da wurin zama a gidan Musulmi. Sai dai minti ɗaya kika gani a cikin shirin da ke cin awa uku ko fiye, kuma wanda ya yanko shi ya san abin da zai sa mutane su yi ta turawa juna. Bai yanko miki wurin da aka tashi tsaye ana karrama tsohuwar mawaƙiyar da ta shekara hamsin tana sana'arta ba, ko wurin da aka jero hotunan waɗanda suka rasu a shekarar, zaure ya yi tsit.

Sai kin san inda mutanen nan suka fito kafin ki gane abin da akwatin talabijin yake nufi a wurinsu. A 1956 tashar NBC ta ba Nat King Cole, mawaƙi baƙar fata, shiri nasa na kansa. Mutum ne mai kamun kai, kullum cikin kwat, muryarsa kuwa har Turawan ma sayen faifansa suke yi. Shekara ɗaya da 'yan kai aka yi shirin ya mutu, domin manyan kamfanoni sun ƙi saka tallarsu a shirin baƙar fata, suna tsoron kada fararen Kudu su daina sayen kayansu. Akwai wata dattijuwa maƙwabciyata, 'yar asalin Karolina ta Kudu, da ta ba ni labarin cewa lokacin da suke yara, in baƙin mutum ya bayyana a talabijin, da gudu ake zuwa a buga wa maƙwabta ƙofa su fito su gani. Abin ya kai haka ƙaranci.

Shi ya sa har gobe ba sa mantawa da Don Cornelius. A 1970 ya fara shirin Soul Train a wata ƙaramar tasha a Chicago, a 1971 ya bazu ƙasa baki ɗaya, bai tsaya ba sai 2006. Wanda ya ɗauki nauyinsa tun da wuri ma kamfanin man gashi ne na wani baƙar fata a garin, Johnson Products. Duk ranar Asabar yaran baƙaƙe suna ganin masu kama da su, da gashinsu na halitta, cikin tsafta da ado, ba a matsayin bara ko ɓarawo ba. Daga wannan shirin aka samo rawar nan da mutane ke yin sahu biyu suna tafi, ana bi ta tsakiya ɗaya bayan ɗaya. Yau in kika je bikin aure na Hausawa a nan Bronx, yankin birnin New York da muke zaune, a zauren mata, sai ki ga 'yan matanmu sun ja wannan sahun da atamfa da ɗaurin ɗankwali, alhali kiɗan da ke tashi na Kano ne. Yawancinsu ba su ma san daga ina abin ya zo ba.

Da aka buɗe MTV a 1981, tashar da ba ta da aiki sai nuna bidiyon waƙa, nan ma aka sake rufe musu ƙofa. Da ƙyar ake ganin baƙar fuska a cikinta, har David Bowie, mawaƙi Bature ɗan Ingila, ya tsare ma'aikacin tashar da tambaya a kan haka a wata hira a 1983. A shekarar ne Michael Jackson ya fasa ƙofar, domin kasuwarsa ta kai inda ba wanda ya isa ya kau da kai. A Grammy ta 1984, wato babban bikin karrama mawaƙa na Amurka, kyauta takwas ya kwasa a dare guda. Duk da haka, a 1989 da Grammy ta fara ba da kyautar waƙar gambara, wato rap, sai aka ce ba za a nuna wannan sashen a talabijin ba. Will Smith da abokin aikinsa DJ Jazzy Jeff ne suka ci, kuma suka ƙi halartar bikin.

To da an gaji da roƙo sai a gina nasu. Robert Johnson ya kafa BET a 1980, da shirin awa biyu kacal a mako. Soul Train ta fara nata bikin kyaututtuka a 1987, BET ta fara nata a 2001. Wannan dare a wurinsu kamar dandalin gari yake ranar Sallah: kowa ya fito, mai mutunci da mara kunya, tsoho da yaro, a nan ake yabo, a nan ake kuka, a nan ake faɗa wa hukuma magana.

Amma akwai abin da ba kasafai ake faɗa muku a gida ba. A 2001 an kammala sayar da BET ga kamfanin Viacom a kan kusan dala biliyan 3. Masu yanke hukuncin abin da za a nuna 'yan kasuwa ne, kuma sun daɗe da gano cewa tsiraici da bindiga suna kawo kuɗi. Su kansu baƙaƙen Amurka sun fi mu jin zafin wannan, domin 'ya'yansu mata ake nunawa duniya a haka. Tun 1993 wani babban fasto a Harlem, Calvin Butts, ya tara jama'a ya tula faya-fayan batsa a titi yana neman a murƙushe su. C. Delores Tucker, wata jarumar fafutukar 'yanci, ta yi shekaru tana yaƙi da kamfanonin da ke buga irin waɗannan waƙoƙi, aka yi ta zaginta ba ta fasa ba. A 2004 ɗaliban Spelman, kwalejin mata baƙaƙen fata a Atlanta, suka tashi a kan wani bidiyo na mawaƙi Nelly da ya wulaƙanta mata, har zuwansa makarantar ya fasa. Shirin tsakar dare da BET ke nuna irin waɗannan bidiyoyi an rufe shi a 2006. Kuma a wannan tashar dai, daga 1980 har 2016, duk safiyar Lahadi shirin waƙoƙin coci na Bobby Jones ake nunawa. Ga kuma Musulminsu: ki je Philadelphia ki ga mata baƙaƙen Amurka cikin hijabi har ƙasa, wasu da niƙabi, kakanninsu bayi ne a gonakin auduga. Don Allah Yaya, in an zauna ana cewa baƙaƙen Amurka 'yan iska ne, ki daina sa baki, in da hali ma ki gyara wa mai faɗa. A nan ma akwai 'yan Afirka masu wannan magana, kuma rashin godiya ce. Dokar shige da fice ta 1965, wadda ta buɗe wa irinmu ƙofar ƙasar nan, ta zo ne a kan guguwar fafutukar da mutanen nan suka yi, aka sakar musu karnuka, aka kashe shugabanninsu.

Yanzu bari in zo kan namu. Hausawan Bronx gauraye muke: 'yan zangon Kumasi da Nima na ƙasar Ghana su suka fi yawa, sai 'yan Nijar, sai mu 'yan Najeriya. Ba a kan ra'ayi ɗaya muke ba. Akwai gidajen da babu talabijin ko kaɗan, maigida ya bi fatawar cewa kiɗa haramun ne, kuma ina girmama su. Akwai gidajen da uba yana tuƙin tasi har asuba, uwa tana kwana a gidan tsofaffin da take jinya, talabijin ke renon yara, ba don iyayen sun so ba. Mafi yawanmu muna tsakiya, kuma abin da ya kai mu tsakiyar shi ne yaran nan a nan aka haife su. Unguwar da muke zaune ita ce mahaifar gambarar Amurka: a wani gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick aka yi bikin da ake cewa daga shi ta fara, a watan Agusta 1973. Kiɗan yana cikin motar maƙwabci, yana cikin shagon aski, yana filin ƙwallon kwando. In kin kashe na falo, na aljihu yana nan.

Kuma ɗan sanda ba ya tambayar ɗana ko shi Bakano ne. Baƙi yake gani. Duk wani ɗan Afirka ta Yamma da ke Bronx ya san sunan Amadou Diallo, Bafulatanin Gini mai shekara 23, mai talla a bakin titi, wanda 'yan sanda huɗu suka harba wa harsashi 41 a ƙofar gidansa a Fabrairun 1999, ba ya ɗauke da makami, kotu kuma ta wanke su. Baƙaƙen Amurka ne suka cika titi a kansa, mawaƙansu suka sa sunansa a waƙa don kada a manta. Saboda haka da mawaƙi Kendrick Lamar ya hau kan motar 'yan sanda ya yi waƙa a bikin BET na 2015, ko da aka buɗe bikin 2020 da zancen kisan George Floyd, samarinmu ba labarin wasu suke kallo ba. Ni ban iya yi wa ɗana wannan bayani ba, ban taso da shi ba. Mutanen nan sun shekara ɗaruruwa suna koya wa 'ya'yansu yadda za su dawo gida da rai.

Ga yadda daren bikin BET yake a gidana. Galibi a watan Yuni ake yi, ana farawa ƙarfe takwas, kuma a lokacin rana ba ta faɗuwa a nan sai wajen takwas da rabi. Don haka ba a yi nisa ba ake kashe sauti, a shimfiɗa darduma, babansu ya ja mu Magariba. In an idar sai a kawo tuwon semo da miyar kuka, a ci gaba. Rimot a hannuna yake, ba ya barin cinyata. Da na ga an fara rage fitila, mata sun jero, sai in juya tasha, kuma yaran sun san ba a yi min gardama a kan wannan. Abin da na fi so shi ne bayan nan. Nakan tambayi babbar 'yata: waye ya biya kuɗin wannan bidiyo, kuma waye zai ci ribarsa? Motocin nan da sarƙoƙin nan, nawa ne nasa nawa ne na haya? Me ya sa namijin yana sanye da riga uku, macen ba ko ɗaya? Wani lokaci ta yarda, wani lokaci ta ce Mama ba ki gane ba, ta yi min bayanin baitin da na ɗauka zagi ne ashe labarin ɗan'uwansa ne da ke kurkuku. A wannan zama nake sanin abin da ke cikin kanta, fiye da duk wata tambayar da zan yi mata kai tsaye.

Akwai kuma sashen da duk gidan ke jira, na mawaƙan Afirka. Ice Prince, yaron Jos, ya ci a 2013. Sarkodie da Stonebwoy na Ghana sun ci a shekarunsu, matan zango suka hana mu sakat da tsiya a wajen suna. Amma a lokacin ba a kan babban dandamali ake miƙa musu ba, a gefe ake ba su kafin a fara nunawa duniya, wato abin da aka yi wa baƙaƙen Amurka su ma suka yi wa 'yan Afirka. Mawaƙan suka yi ta ƙorafi har aka gyara: a 2018 Davido ya karɓi tasa a gaban kowa, Burna Boy ya ci sau uku a jere daga 2019 zuwa 2021. Kada ki raina wannan. Yaranmu na farko a makarantun nan sun sha tsangwama saboda sunansu da abincinsu, wasu har ɓoye asalinsu suke yi. Autana kuwa da alfahari yake cewa shi ɗan Najeriya ne, abokansa suna roƙonsa ya kawo musu dafa-duka.

Ban ce muna cin nasara a kowane gida ba. Akwai yaran jama'armu da suka ɗauki rayuwar bidiyo da gaske, suka bar makaranta, wasu suna tsare yanzu haka, iyayensu ba sa iya ɗaga kai a masallaci. Kuma talabijin ɗin ma ta zama ƙaramar matsala, domin yawancin bidiyoyin yanzu a YouTube da TikTok ake sakinsu, inda babu rimot a hannun uwa. A Islamiyyarmu ta Asabar da Lahadi malamai sun fara karɓe waya a bakin ƙofa. A gidana ƙarfe goma kowace waya tana kwana a ɗakina. Babansu har yanzu yana ganin gara a daina kallon bikin gaba ɗaya, ni kuma ina ganin in na daina zama da su, za su kalla su kaɗai washegari a wayar abokai, har da wuraren da nake tsallakewa. Ba mu gama wannan magana da shi ba. Ke da kike koyar da 'yan mata, ki gaya min yadda kuke yi da wayoyin naku a can, domin guntun da kika turo min ai ta wayar wani ya iso gare ki.