Tambayi Likita: Allura a Ƙashin Baya Don Gano Tibi

Tambaya: Salam Likita, maigidana ne ke fama da ciwon baya da zazzaɓi ga rama, asibiti sun ce sai an soka allura a ƙashin bayansa a ɗebo nama a duba ko tibi ne, alhali ko tari baya yi. Wallahi tsoro nake ji kar ya shanye. Daga wata 'yar uwa a Jidda.

Amsa: Hajiya ki kwantar da hankalinki, tibi yana kama ƙashin baya ba tare da tari ba, kuma ba da ka ake sokawa ba, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta siti sikan ce ke nuna wa likita inda allurar take bi, bayan an kashe wurin. Zubar jini ko taɓa jijiya kan faru amma ba kasafai ba, in yana shan maganin tsinka jini kamar asfirin ku faɗa tun kafin ranar.

Ni dai ina goyon bayan ayi, domin a nan Saudiyya cutar da ake ɗauka daga ɗanyen nonon raƙumi tana kama da tibi sosai a hoto, kuma maganinsu daban. Gwajin GeneXpert da ake yi wa naman don gano tibi baya daɗewa, renon ƙwayar cutar a ɗakin gwaji kuwa yakan kai sati 6. Wani lokacin naman da aka ɗebo baya isa sai an maimaita, to kar ku ƙi komawa.