Allura ko ɗura? Amsa ga mai ragon da ke tari

Alhaji, ka ce ragon layyar da ka saya a Kumasi yana tari, kana tambaya ko za ka iya zuba masa oksitetrasaikilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ruwan sha maimakon allura, tunda "magani ɗaya ne", kuma saura kwana 10 Sallah. Na daɗe ina kiwo a unguwar Aboabo a Kumasi, kuma gaskiya ba ɗaya ba ne.

Abin da rago ya sha tumbi yake fara faɗawa, cikin dusa da ciyawa. Can maganin zai tsinke, ya kashe ƙwayoyin da ke narka masa abinci, kaɗan ne zai shiga jini har ya kai huhu. Sai ka ga zawo, ya daina tuƙa, tarin yana nan. Kaji ne ake ba a ruwa, su ma wadda ciwo ya kayar ba ta sha sosai.

Allurar jijiya nan take take gauraye jini, ƙoda ta tace ta da wuri, amma wannan aikin likitan dabbobi ne. Ta tsoka, musamman mai LA a jikin kwalba, wato mai daɗewa tana aiki, zama take yi inda aka soka tana tsiyaya a hankali kwana 2 zuwa 3. Shi ya sa wurin ya fi ko'ina riƙe magani. Tambayi kowane mahauci a mayankar Kaase da ke Kumasi: an feɗe dabba, sai a tarar da wani ƙullutu rawaya a cinya, dole a yanke a yar. Don Allah a riƙa yi a wuya, mil 1 ga kowane kilo 10, kada a wuce mil 5 a wuri guda.

Kowane magani kuma da inda yake taruwa. Tailosin yana shiga huhu da hantsa sosai. Jentamaisin da istireftomaisin hanji ba ya tsotse su, amma in aka yi allura sai su maƙale a ƙoda makonni, har watanni. Hanta da ƙodar kuwa su muke fara gasa wa yara ranar layya, wuta ba ta cinye ragowar duka.

LA yawanci kwana 21 zuwa 28 ake jira kafin yanka, duba takardar kwalbar. Kwana 10 bai kai ba. Kai shi ofishin likitan dabbobi gobe da safe, ka faɗa musu ranar yankan kafin su zaɓi magani.